Injin da ke buga gida da yadin kayan rusau a Agege: amsa ga Alhaji

Tambaya: Injiniya, salamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Agege. Shekara ashirin da ɗoriya ina sayen gidajen da za a rushe, in kwashe ƙofofi, tagogi, kwano, katako da ƙarfe in sayar. Ɗana da ya gama karatun zanen gine-gine ya nuna mini bidiyon wani inji yana zuba bangon gida kamar mai matsa man goge baki. Ya ce nan duniya ta dosa, wai shi ne ginin da ba ya ɓata muhalli, yana so in sayar da filina na Ikorodu mu yi odarsa. Abin gaskiya ne? In kuwa gaskiya ne, sana'ata ta mutu ke nan?

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Bidiyon gaskiya ne, amma kada ka sayar da filin. Zan faɗi dalili, kuma ina roƙon ka miƙa wa yaron ya karanta, don rabin maganar tasa ce. Ya hango abu mai kyau, wurin kamawa ne ya kuskure.

Injin nan firam ne na ƙarfe da ake kafawa ya kewaye wurin da za a yi gini, da baki guda mai yawo gaba da baya, hagu da dama, yana matso kwaɓin siminti layi bisa layi, yana bin zanen da aka ɗora wa kwamfuta. An yi aiki da shi a Afirka ma. Kamfanin 14Trees ya buga bangon wani gida a Lilongwe ta ƙasar Malawi cikin awa 12, ya buga na wata makaranta a gundumar Salima cikin awa 18, yara suka fara karatu a ciki a 2021. Daga baya suka koma Kilifi ta Kenya da aikin rukunin gidaje. Injin da suka yi amfani da shi na kamfanin COBOD ne, daga Denmak. Duk wannan ya faru.

Sai dai awa 18 ɗin nan na bango ne kawai. Bidiyo ba ya nuna ranakun da aka yi ana haƙa fandisho, ana kafa injin, ana daidaita shi. Ba ya nuna kafinta yana rufi, ko mai wayarin, ko mai famfo, ko mai tayil. Kai da ka ɓalle gidaje ba adadi ka fi ni sanin cewa bango ba shi ne ke cinye kuɗin gida ba. A Legas ma abin ya fi tsanani, musamman ɓangaren Lekki da Ajah inda ƙasa fadama ce: kafin gini ya leƙo sama, ciko da fandisho sun riga sun sha kuɗin mai gida. Inji bai rage maka ko sisi a nan ba.

Sannan kwaɓin da yake sha ba irin na birkilanmu ba ne. Dole ya yi laushin da zai bi ta tiyo, ya kuma yi ƙarfin da zai ɗauki layin da za a ɗora masa bayan 'yan mintuna. Don a sami haka, yawanci ana cire manyan tsakuwa, a ƙara siminti, a zuba sinadarai da sai an shigo da su. Wato a kowace mita ta kwaɓi, simintin da ke ciki ya fi na kankare na yau da kullum yawa. In wuta ta ɗauke ko janareta ya mutu ana tsakiyar aiki, layin ƙasa ya bushe kafin na sama ya zo, sai a sami rauni a tsakaninsu wanda ido ba ya gani, kuma kwaɓin da ya kwana a tiyo ya zama dutse. Ka haɗa da ruwan Yuni da Yuli na Ikko, ka haɗa da fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Apapa, da neman safaya da dala. Injinan nan an ƙera su ne a ƙasashen da lebura ke da tsada kuma ba a samunsa. Mu nan kowace safiya matasanmu 'yan ci-rani na tsaye a bakin titi da shebur da diga suna jiran a kira su. Abin da ke da tsada a wurinmu siminti ne da rodi da dizal, kuma injin ya fi kowa cin biyu daga cikin ukun, siminti da dizal. In ka sayar da fili ka saye shi, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Maganar muhalli kuwa, a nan ne nake so yaron ya tsaya da kyau. Yin siminti na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke saki a duniya. A masana'antu irin na Ewekoro da Ibese a jihar Ogun, ana gasa dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai digiri 1,450. Man da aka ƙona ya ba da nasa hayaƙin, amma fiye da rabin iskar daga jikin dutsen kansa take fita yayin da yake gasuwa, don haka ko da hasken rana ka kunna masana'antar ba ka tsira ba. Bangon da inji ya buga dunƙule guda ne na siminti. Ranar da aka zo rushe shi, babu bulo ɗaya da za a cire, sai katafila ta mayar da shi ɓaraguzai a yi ciko. To ina adana muhallin yake?

Abin da masana ke nufi da ginin da kayansa ke zagayawa shi ne a yi gini yadda in ya gama amfani za a kwance shi a sake aiki da sassansa, ba a farfasa su ba. Akwai matakai. Mafi daraja shi ne kada a rushe ginin sam, a gyara shi. Na biye, a cire ƙofa ta koma ƙofa a wani gidan, bim ya koma bim. Na ƙasa shi ne a narkar ko a niƙa, kamar yadda masana'antun Ikorodu da Ogijo ke narkar da ƙarfen da 'yan gwangwan suka tara su fitar da sabon rodi. Shi ma yana da amfani, amma ya ci wuta mai yawa. Ka ga ke nan, Alhaji, kai a mataki na biyu kake zaune shekara ashirin, sama da masu narkarwa. Abin da jami'o'in Turai ke kashe maƙudan kuɗi suna bincike a kai, kai da shi ka aurar da 'ya'ya.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Ni a Zariya na tashi, na ga yadda ake yi in soro ya tsufa. Azara ake fara zarewa a jingine gefe, don itacen giginya gara ba ta cinsa da sauƙi, yakan fi ɗakin da aka sa shi daɗewa. Ƙasar bangon kuma a jiƙa ta, a tattake da ciyawa, a sake murza tubali. Ba abin da ake kaiwa bola. Abin da ya fi burge ni, bayan na yi karatun injiniya na waiwaya, shi ne yadda magini ke tunani. Azara ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazarar ta kusa mita 2, don haka magini ba ya zana ɗaki sannan ya tafi neman itace. Itacen da ke hannunsa yake dubawa, shi zai gaya masa faɗin ɗakin. In ana son ɗaki mai faɗi, sai a ɗaura azara bisa azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, har su haɗu a sama a sami bakan gizo. Da wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Kaya ne ke gaba, zane na biye.

Ginin zamani ya juya wannan tsari. Mai zane ya zauna a ofis ya rubuta taga mita 1.2, sai a je a yanko sabon alminiyam daidai da haka. In ka kawo masa tagoginka na rusau, guda goma masu girma iri biyar, sai ya ce ba za su shiga zanensa ba. Ba mugunta ba ce. Sake zane saboda kowace taga aiki ne mai cin lokaci in da hannu za a yi. To a daidai nan ne kwamfuta ta zo da abin da ya canza lissafi, kuma shi ne ainihin abin da ya kamata ɗanka ya riƙe.

Abu na farko awo ne. Yau da wayar hannu ana iya ɗaukar hotuna masu yawa na ɗaki ko na bim, manhaja ta haɗa su ta fitar da siffar abin da tsawo da faɗi da kauri. Wasu wayoyin, kamar iPhone 12 Pro da manyan da suka biyo bayanta, suna da ido na musamman mai auna nisa da haske. Awon waya bai kai a yanka ƙarfe da shi ba tare da an tabbatar da tef ba, amma ya isa a shiga gidan da za a rushe a fito da lissafin abin da ke ciki cikin yini ɗaya, kafin ka yi tayi. Kai yanzu da ido da gogewa kake kiyasi, kuma na san ba kasafai kake faɗuwa ba. Amma abin da ke kanka ba ya shiga kwamfutar mai zane.

Na biyu rajista ce. Kowace ƙofa, kowane bim, kowane daurin katako ya sami lamba, hoto, awo, irin kayan, gidan da aka ciro shi da ranar. A Holan akwai wani rumbun bayanai mai suna Madaster da aka buɗe a 2017, inda ake yi wa gini rajistar kayan da ke jikinsa kamar fasfo. A can ne aka gina ofishin bankin Triodos a 2019 da katako, aka ɗaure shi da sukurori 165,312, don ranar da aka gaji da shi a kwance. A Brussels ta Beljiyam kuma akwai Rotor DC, waɗanda sana'arsu taka ce sak: su shiga gini kafin a rushe, su ciro kaya a hankali, su wanke, su sa a intanet da hoto da awo da farashi. Bambancinku da su bai wuce wannan rajistar ba. Kuma a Legas tana da wani amfani da Turawa ba su damu da shi ba. Ka san yadda ake yi wa duk mai harkar tsohon ƙarfe kallon ɓarawon murfin kwalbati da wayar wuta, musamman in ɗan Arewa ne. Mutumin da ke iya buɗe waya ya nuna daga wane gida kowane ƙarfe ya fito, da takardar cinikin, ya fita daga wannan layin.

Na uku shi ne zanen da ke bin kaya. Akwai manhajoji, irin su Grasshopper da ke aiki a cikin Rhino, waɗanda ba layi kake zanawa a cikinsu ba, ƙa'ida kake rubutawa. Ka ce wa manhajar ga jerin bim ɗin da ke yadi da tsawon kowanne, ga faɗin shagon da ake so, ga nauyin da rufi zai ɗauka, ta gwada dubban hanyoyin jera su ta fito da wadda ta fi rage yanka da asara. In an sayar da bim biyu kafin a fara aiki, a cire su daga jerin, zanen ya gyara kansa. Tunanin maginin Zariya ne, aka ba shi saurin lissafi. A Winterthur ta Suwizalan an ɗora benaye a kan wani tsohon gini, ana kiran aikin K.118, aka kammala a 2021. Yawancin kayansa na rusau ne, har da firam ɗin ƙarfe da matakala da tagogi, kuma masu aikin sun lissafa cewa hayaƙin da aka fitar ya ragu da kusan kashi 60 cikin 100 in aka kwatanta da sabon gini. Sai da suka tara kayan sannan zanen ya zauna.

Har kankare ma an fara yanka shi maimakon farfasawa. A 2021 masu bincike na jami'ar EPFL a Suwizalan sun yanko gutsattsari 25 daga bangon wani gini da zarto mai haƙoran daimon, suka jera su kamar baka, suka ɗaure da wayar ƙarfe, suka sami gadar ƙafa mai tsawon mita 10. A Copenhagen kuma, da aka ga jan bulon da aka ɗaura da siminti ba ya rabuwa ba tare da ya fashe ba, sai aka riƙa yanko bangon murabba'i-murabba'i, aka jera a fuskar sababbin gidaje. Ka lissafa da kanka: dekin mai kaurin santimita 15 yana da nauyin kilo 360 a kowace murabba'in mita. Ɗaki mai mita 4 sau 4, kusan tan 6 ke nan na kankare, wanda ya sha buhun siminti goma sha biyar ko fiye. Yau duk wannan guduma ake sa masa don a zaro rodin ciki, sauran a sayar wa mai tifa a kuɗin ciko. Ban ce gobe ka fara yanka dekin kana yi wa mutane bene da shi ba. Amma murfin gwata, daɓen tsakar gida, katangar fili, matakalar waje, duk waɗannan tsohon dekin da aka yanka da kyau zai yi su, kuma in ya gaza ba a kan kowa zai faɗo ba.

Tunda na ambaci faɗowa, bari in yi maganar da ba a so. Legas gari ne da gini ke kashe mutane. Ba mu manta da benen nan mai hawa 21 da ya rufta a titin Gerrard na Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021 ba, mutum fiye da 40 suka rasu. Duk wanda zai yi wa'azin sake amfani da tsohon kaya a garin nan, wajibi ne ya faɗi iyakarsa. Rodin da aka zaro daga rusau aka miƙe da guduma, kada ya shiga fila ko bim ko dekin. Lanƙwasawa da miƙewa na rage masa juriya, ga tsatsa, kuma iskar gishiri ta bakin teku na cin ƙarfe tun yana cikin kankare. A yi burgila da shi, ko a kai wa masu narkarwa. Na san ana sayensa, na kuma san wasu 'yan kwangila da shi suke cika aiki in mai gida ba ya nan. Ina roƙonka da girman Allah, in ka gane bene za a yi da shi, ka bar cinikin. Haka tsohon rufin asbestos na gidajen da: ƙurarsa na jawo cutar huhu da ciwon daji bayan shekaru, kada yaranka su yanka shi ko su fasa shi, kada a sayar wa talaka ya rufa ɗaki.

Kayan da suka fi dacewa a sake aiki da su su ne manyan ƙarafan sito da masana'antu da aka ɗaura da noti, sai katako mai tauri irin iroko da maɗaci na tsofaffin gidaje, wanda yanzu samun irinsa ko a kasuwar katako ta Mushin sai an sha wuya, sai ƙofofi, tagogi, tayil na dutse da jan bulon da aka ɗaura da farar ƙasa. Irin bulon nan na tsofaffin gidajen Isale Eko da unguwar Popo Aguda, na waɗanda suka dawo daga Brazil, yana rabuwa lafiya lau. Ko da yake ni da za a bi tawa, irin waɗannan gidajen ba za a taɓa su ba. Har yau ina jin takaicin Ilojo Bar, ginin 1855 da gwamnati ta ayyana a matsayin kayan tarihi amma aka wayi gari a 2016 an baje shi. Shi ma ƙarfen, in zai ɗauki nauyi, sai an yanki ɗan guntu an kai gwaji. A Ingila sun fitar da ƙa'idar yin hakan a 2019, ta ƙarafan da aka ƙera daga 1970 zuwa yau. A nan jihar Legas na da ɗakin gwajin kayan gini nata, hukumar kula da gine-gine ta jihar, LASBCA, na duba aiki, kuma dole injiniya mai rajistar COREN, hukumar injiniyoyi ta ƙasa, ya sa hannu a lissafin. Takardar gwajin nan ita ce ke mayar da bim daga kayan kilo zuwa kayan gini, kuma kai ka san tazarar farashin da ke tsakani.

To ina mutum-mutumi, wato inji mai aiki da umarnin kwamfuta, ya shigo? Hannun inji mai gaɓoɓi shida, irin na KUKA ko ABB da ake gani a masana'antar mota, fifikonsa ɗaya ne: bai damu ba ko abu dubu da zai yi duk iri ɗaya ne ko kowanne daban. A 2006 masu bincike na jami'ar ETH da ke Zurich sun sa irinsa ya jera jan bulo 20,000 na fuskar wani gini, kowane bulo da kusurwarsa. Wannan halin ne ya sa ya dace da kayan rusau, inda babu katako biyu masu kama ɗaya: kamara ta auna kowane guntu, inji ya yanka masa mahaɗin da ya dace da shi. Injin buga kankaren ma an yi abin kirki da shi sau ɗaya da na yaba: gadar Striatus da aka nuna a Venice a 2021, gutsattsari 53 da aka buga aka jera ba siminti a tsakaninsu ba rodi a cikinsu, siffar baka ce kawai ke riƙe da su, kuma ana iya kwance su a kai wani wuri. Masu wannan tunanin sun yi dekin mai siffar baka da haƙarƙari a ƙasansa a wani gini na gwaji mai suna HiLo, wanda suka ce ya rage kankare da kusan kashi 70 cikin 100, rodi da kusan 90. Ga garin da ƙasarsa ba ta son nauyi, wannan ya fi mini injin buga bango sau goma, don dekin mara nauyi na nufin ƙananan filoli da fandisho mai sauƙi. Amma baka na tura bango waje, sai an ɗaure ta, kuma ba aikin da za a kwaikwaya daga bidiyo ba ne.

Mu a nan, ƙanin wannan hannun ya ishe mu: teburin yankan katako da kwamfuta ke tuƙawa, wanda ake kira CNC. Akwai su a Legas tuni, a wurin masu kabad na kicin da masu allon talla, ana biya a yanka maka falanki ba sai ka mallaki injin ba. Ni da kuskure na koyi amfaninsa. Wani gida da na yi wa wani bawan Allah, mun sayi tagogi da ƙofofi na rusau tun kafin a haƙa fandisho, na auna kowacce, na zana gidan a kansu, na tura wa birkila zanen a waya ina jin daɗi. Da na dawo bayan mako biyu, sai na tarar ya bar ramukan taga duk girma ɗaya, yadda hannunsa ya saba shekara da shekaru. Sai da muka fasa muka sake linta. Laifina ne, ba nasa ba. A aiki na gaba sai na sa aka yanka firam na filawud daidai girman kowace taga, aka rubuta lamba a jiki, birkila ya kafa ya yi gini ya kewaye shi. Ko santimita ɗaya ba mu kuskure ba. Gargaɗi ɗaya: tsohon katako cike yake da ƙusoshin da suka karye a ciki, ƙusa ɗaya na iya karya haƙorin injin, don haka a bi shi da na'urar gano ƙarfe tukuna.

Wani wurin ma ba a buƙatar inji ko kaɗan, lissafi ne kawai. Rodi na zuwa da tsawon mita 12. A ce aiki na buƙatar guntu 10 masu mita 5, da guntu 20 masu mita 3.5. Mai lanƙwasa rodi in ya yanka kowane iri daban, zai ci sanda 5 a na farko, 7 a na biyu, 12 ke nan, ga tarin guntaye. In aka haɗa mita 5 ɗaya da mita 3.5 biyu a kowace sanda, sanda 10 sun gama aikin ba ragowar ko taƙi. A bene mai ɗaruruwan guntaye kai ba ya iya wannan haɗin, kwamfuta kuwa cikin daƙiƙa take yi. Na san guntayen nan a yadinku suke ƙarewa, ka yi mini afuwa.

Shawarata ga yaron, ya ba yadinka wata uku. Ya ɗauki waya da tef da fenti, ya sa wa kowane kaya lamba, ya zuba a jadawalin kwamfuta da hoto. In kuɗin Rhino ya yi masa yawa, FreeCAD da Blender kyauta ne. Ya bi ka rusau na gaba ya shiga kafin katafila, ku roƙi mai gida kwana uku ko huɗu na kwancewa a hankali, ku rubuta a yarjejeniya, don gaggawar mai katafila ce ke lalata rabin abin da za ku samu. Yaran da ke yi maka aiki a koya musu kwance noti maimakon yanka da wuta, a saya musu hular kwano da safar hannu da takalmi. Sannan ya zana abu ɗaya ƙarami daga abin da ke yadin kawai, shago ko rumfar masallaci ko ɗakin maigadi, wanda aka ɗaura da noti yadda za a iya kwance shi. A Legas, inda mai shago ba ya da tabbacin cewa filin da yake haya zai kai baɗi, ginin da ake kwancewa a loda a mota a kafa a wani wuri kaya ne da zai sami masu saye tun daga Mile 12 har Alaba Rago. A kan filin naka na Ikorodu zai kafa na farko, mutane su zo su gani. In ya gama zanen ya kawo mini in duba lissafin ƙarfen kafin a ɗaura komai, ba sai ya biya ba. A gaida mutanen gida.